Babban wili ko doguwar taya: me ke faruwa idan ka sauya wa motarka ƙafa?

Mutum biyu ne ke yawan sauya wa mota ƙafa a ƙasar nan, kuma buƙatunsu sun yi hannun riga. Na farko shi ne wanda ya sayi Corolla ko Accord, ya ga wilin ƙarfen da ta zo da shi bai yi masa ba, ya nufi Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya ɗauko wilin aloy mai inci 17 ko 18, ya ɗora masa siririyar taya kamar an shafa baƙin fenti a bakin faranti. Na biyu shi ne direban haya mai Golf ko Sharon da ke jigilar mutane da buhunan masara daga ƙauyukan mazaɓar Gayam zuwa cikin garin Birnin Gwari, ko daga nan zuwa Kaduna da Funtuwa. Shi ba ado yake nema ba. So yake motar ta ɗan ɗaga, kada cikinta ya riƙa dukan ƙasa, sai ya sa mata tayar da ta fi ta kamfani tsayi.

Kowanne cikinsu yana da hujjarsa, kuma kowanne yana taɓa wani lissafi da aka gina birki, giya, sitiyari da sifirin a kansa. A cikin gari, idan lissafin ya ɓaci, ka aika yaro ya kira mai faci. A hanyoyin da suka ratsa dajin Birnin Gwari ba haka abin yake ba. Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga sun koya wa kowane direba cewa tsayawa a inda ba ka shirya ba ba wasa ba ne. Ko bayan sulhun ƙarshen 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, ramukan hanya suna nan, nisan da ke tsakaninka da mai faci ko asibiti ma yana nan. Don haka bari mu yi lissafin tun motar tana tsaye.

Rubutun da ke gefen taya

Durƙusa ka duba tayar Golf 3. Sau da yawa za ka ga wani abu kamar 185/60 R14 82H. Yawancinmu lamba ɗaya muke karantawa, mu ce “sayis 14 ce”, mu wuce. Alhali 14 ɗin faɗin wilin ne kawai daga baki zuwa baki, da inci. 185 faɗin tayar ne, da milimita. Ita kuwa 60 ita ce mai ruɗa mutane, domin ba awo ba ce, kaso ce: tsayin gefen tayar, daga bakin wili zuwa inda take taka ƙasa, kashi 60 cikin 100 ne na faɗinta. Kashi 60 na 185 shi ne milimita 111. (E, lamba ɗaya da inci, ɗaya da milimita, ɗaya da kaso, duk a layi guda. Haka masana'antar ta gada, ba wanda ya gyara.) Harafin R yana nuna yadda aka shimfiɗa zaruruwan cikin tayar. Za mu dawo kan 82H, don a ganina ta fi sauran duka muhimmanci ga mai ɗaukar lodi.

Tsayin tayar gaba ɗaya fa? Inci 14 sau 25.4 ya ba ka milimita 355.6. Ka ƙara gefen sama da na ƙasa, 111 sau biyu. Ka samu 577.6. Wannan ita ce lambar da motar ta sani.

Yanzu a ce direbanmu ya sa 185/70 R14. Wili bai canja ba, faɗi bai canja ba, sai dai gefen ya koma milimita 129.5, tsayin duka ya zama 614.6. An samu ƙarin milimita 37. To amma motar ba za ta ɗaga da 37 ba, rabin wannan za ta samu, domin rabin taya ne kawai ke ƙasan tsakiyar wili. Milimita 18 da rabi kenan, bai kai kaurin babban yatsanka ba. A hanyar da manyan motoci suka haƙa layi biyu suka bar tudu a tsakiya, wannan ɗan yatsan yakan raba kwanon injin da dutse, kuma ba zan raina shi ba. Sai dai ka san abin da ka biya.

Malejin mota ba ya ganin hanya, juyin taya yake ƙirgawa. Tsohuwar tayar tana cin kimanin mita 1.81 a juyi ɗaya, sabuwar tana cin 1.93. Idan a da malejinka daidai yake, yanzu duk sanda ya nuna 100, kana gudun 106 ne. Za ka ce shida kawai? Ƙarfin da birki zai kashe kafin mota ta tsaya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, sai an ninka gudun da kansa. Ƙarin kashi 6 a gudu yana zama ƙarin kashi 13 a aikin birki. Ga shi kuma birkin kansa ya rage ƙarfi. Birki yana kama faifan da ke kusa da tsakiyar wili, ƙasa kuma tana jan taya daga can bakinta. Da ka ƙara tsayin taya, ka ba ƙasa dogon hannu, kamar yadda dogon sifana ya fi gajere ƙarfin juya noti. Wannan dogon hannun ne kuma ke sa motar ta yi nauyin tashi, ka riƙa riƙe kuloci a kan tudu har ya fara wari.

Sai gogar madigadi. Mota babu kaya, tayar tana da wuri. Ka loda ta, bayanta ya zauna, ta faɗa rami, sai ka ji “ƙurrr”. Bakin ƙarfen bodi ne ke yankar gefen taya, kuma gefen shi ne wuri mafi rauni a jikinta.

Shi ya sa masu harkar taya suke da wata ƙa'ida ta hannu: kada tsayin sabuwa ya bambanta da na asali da fiye da kashi 3 cikin 100. Taya 185/65 R14 tana da tsayin 596.1, wato ƙarin kashi 3.2, tana bakin iyakar. Ita 185/70 ta ninka iyakar sau biyu.

Lambar da ke ɗaukar buhu

Mu koma kan 82H. Lambar 82 ba kilo ba ce, matsayi ne a wani jadawali da kamfanonin taya suka yarda da shi. 82 na nufin tayar za ta ɗauki kilo 475, idan iskarta ta cika yadda ya kamata. 86 kilo 530 ne, 88 kilo 560, 91 kilo 615, 95 kilo 690. Harafin kuwa iyakar gudu ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240.

Taya huɗu masu 82 sun ba ka kilo 1,900. Yi lissafi da ni. Golf 3 babu kowa a ciki tana wajen kilo 1,100. Direba da fasinja shida, a ce kowa kilo 65, ya zama 455. Buhu huɗu na masara, 400. Jimla 1,955. Ka riga ka haura, kuma wannan idan nauyin ya rabu daidai kenan, alhali kowa ya san buhunan a baya suke, a kan tayoyi biyu.

A nan direban da ya sa doguwar taya yana da gaskiyar da ƙila shi kansa bai san sunanta ba. Ba roba ce ke ɗaukar mota ba, iskar da ke ciki ce, roba jaka ce kawai. Doguwar taya ta fi cin iska, shi ya sa 185/65 R14 takan zo da lamba 86, ita kuma 185/70 R14 da 88. Ta wannan fuskar ya ci riba. Amma boris, sifirin, shokozoba da birki suna nan yadda Volkswagen ta yi su, babu wanda ya ƙara musu lamba.

Haɗarin da ya fi yawa shi ne akasin wannan: a sa wa motar ɗaukar kaya tayar ƙaramar mota don sayis ya yi daidai. Tayar Hiace irin 195 R15C tana da harafin C a ƙarshe, da lamba 106/104, wato kilo 950 idan ita kaɗai ce a ƙafar. Tayar Corolla 195/65 R15 mai lamba 91 ita ma “sayis 15” ce, amma 615 take ɗauka. Sharon ma, saboda nauyinta, tayar da aka ƙarfafa take buƙata, irin wadda za ka ga an rubuta wa XL ko RF. Duk tayar da za ka saya, lambar nauyinta ta kai ta asali ko ta fi ta. Ƙasa da haka, bar ta ko da kyauta ce.

Babban wili, siririyar taya

Mai neman ado yana iya kauce wa duk matsalar tsayi idan ya iya lissafi. Corolla mai 195/65 R15 tsayin tayarta 634.5 ne. Taya 225/45 R17 tana da 634.3. Kamar an auna. Maleji ba zai yi ƙarya ba, giya ba za ta canja ba.

Abin da ya canja shi ne gefen: daga milimita 127 ya sauko 101. Idan ka haura inci 18 da 225/40, saura 90. Wannan gefen shi ne katifar farko tsakanin mota da hanya, tun kafin sifirin ya san an yi wani abu. Lokacin da taya ta daki bakin rami mai kaifi, irin wanda kwalta ke bari idan ta ɓare, gefen yana lotsewa. Idan yana da tsayi, zai shanye dukan ya dawo. Idan gajere ne, zai lotse har bakin wili ya cije shi a jikin kwaltar, kamar almakashi. Zaruruwan ciki su tsinke. Wani lokaci nan take iska ta fita. Wani lokaci kuma ba ka ga komai ba sai bayan kwana biyu ka tarar da ƙululu a gefen taya. Ƙululun nan iska ce ta samu hanya ta wurin da zare ya tsinke, fatar roba kaɗai ta rage tana riƙe da ita. Ba a yi masa faci. Sa tiyub a ciki ma ba ya ɗinke zaren.

Akwai kuma zancen da ake yi cewa aloy ya fi ƙarfe sauƙin nauyi. Idan girmansu ɗaya, yakan yiwu. Amma wilin aloy mai arha na inci 17 da faffaɗar tayarsa yawanci sun fi wilin ƙarfe na 15 da tayarsa nauyi. Kuma nauyin da ke ƙasan sifirin daban yake da nauyin da ke cikin but. Aikin sifirin da shokozoba shi ne su maido da taya ƙasa da sauri duk sanda gargada ta cilla ta sama. Ƙafa mai nauyi tana jinkirin dawowa. Ka tuna yadda gudu yake idan laka ta maƙale maka a takalmi. A hanyar burji mai gargada, tayar za ta riƙa tsalle, kuma tayar da ke sama ba ta birki, ba ta kwana.

A 2010 mujallar Car and Driver ta Amurka ta ɗauki Golf guda ɗaya ta gwada ta da wili daga inci 15 har 19. Babban wili ya ƙara mata riƙon hanya a kwana, wannan gaskiya ne, amma a busasshiyar kwalta mai santsi irin ta filin gwaji. Tsakanin 15 da 19, tafiyar da take yi da lita ɗaya ta ragu da kimanin kashi 10 cikin 100, saurin tashinta ma ya ragu. Da kuɗin mai na yanzu, ka lissafa wa kanka.

Faɗin fa, ba ya ƙara yawan robar da ke taka ƙasa? Ba kamar yadda ake zato ba. Girman wurin da taya ke taɓa ƙasa ya dogara ne, kusan gaba ɗaya, kan nauyin da ke kanta da ƙarfin iskar cikinta. Kilo 300 a kan taya mai iska 32 yana ba da wuri kamar tafin hannunka. Faffaɗar taya tana canja siffar tafin ne, ya zama gajere mai faɗi, ba ta ninka shi. A damina kuma, idan ruwa ya kwanta a kwalta, faffaɗar taya ta fi samun ruwan da za ta ture kafin ta taɓa ƙasa.

Ra'ayina, ga motar da ke bin waɗannan hanyoyin, wilin ƙarfe ya fi. Idan ya daki rami lanƙwasa yake yi, bakanike ya buga shi da guduma ka ƙarasa gida. Wilin aloy da aka zuba a kwano tsagewa yake yi, kuma walda tana taɓa ƙarfin da aka ba shi da wuta a masana'anta. Wilin da aka yi wa walda yana iya riƙe iska, ba lallai ya riƙe rami na gaba ba. Idan za ka sayi na hannu, juya shi ka duba bayansa da kyau, a nan ake ɓoye ɗinkin.

“Ai ya shiga” ba ya nufin ya dace

Wannan ne wurin da aka fi yin ganganci, domin ido ba ya gani.

Ramukan noti suna zaune ne a kan wani da'ira, kuma faɗin da'irar ya bambanta. Golf 3 ta yau da kullum rami 4 ne a da'irar milimita 100, ana rubuta shi 4x100. Peugeot 406 tana da 4x108. Sharon 5x112. Camry, da Accord daga 2003, 5x114.3. Hilux 6x139.7. Corolla kuwa sai ka duba, don ya danganta da shekara da ƙasar da ta fito: akwai 4x100, akwai 5x100, akwai 5x114.3.

Tsakanin 112 da 114.3 milimita 2.3 ne kacal. Kowane rami ya kauce da kaɗan fiye da milimita ɗaya. Idan aka matsa, zai shiga. Amma kowace kusa an ɗaure ta a karkace, kuma duk juyin taya tana ɗan lanƙwasa ta dawo. Ka taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya? Ba ƙarfi ke karya ta ba, maimaici ne. Taya tana juyawa kimanin sau 500 a kilomita ɗaya, sau 50,000 a tafiyar kilomita 100. Kusa ɗaya ta gaji ta karye, sauran su gaji aikinta, su ma su bi ta da sauri. Masu faɗaɗa ramin da na'urar huda don “ya zauna” sun ƙara ɓata shi ne, sun cinye kujerar da noti zai zauna.

Sai babban ramin tsakiya, wanda ke hawa kan bakin cibiyar ƙafa ya daidaita wili a tsakiya. Na Volkswagen milimita 57.1 ne, na Camry 60.1, na Accord 64.1, na Marsandi 66.6. Ka ga, wilin Camry ba zai hau Accord ba duk da ramukan notinsu ɗaya. Na Accord zai hau Camry, amma da tazarar milimita 4. Wilin Marsandi ma zai hau Sharon, da tazarar da ta haura 9. Sakamakon shi ne rawar sitiyari idan ka kai wani gudu, wadda ko sau nawa aka yi balansin ba ta tafiya. Maganinta wani ɗan zobe ne na roba mai tauri ko alminiyam da ke cike tazarar. Ba shi da tsada, tambayarsa ce ba a yi.

Notin kansa yana da siffa uku a wurin da yake taɓa wili. Akwai mai tsini kamar mazurari, shi ne yawancin wilin kasuwa ke so. Akwai mai zagaye kamar rabin ƙwallo, irin na Volkswagen da Honda. Akwai mai shimfiɗaɗɗen baki da wasa, irin na wilin aloy na asali na Toyota. Ka sa mai zagaye a kujerar mazurari, a siririn layi kawai za su haɗu. Zai ɗauru tamau yau, ya ci wurin zamansa a hankali, ya saki. Ka kuma duba tsawo, domin aloy ya fi ƙarfe kauri: kusar milimita 12 tana buƙatar shiga aƙalla milimita 12, wato juyi takwas cif. Idan noti ya tsaya a juyi huɗu ko biyar, bai kama ba.

A bayan wili za ka ga ET da lamba, misali ET45. Daga Jamusanci aka ɗauko shi, kuma yana gaya maka nisan fuskar da ake ɗaurewa daga tsakiyar faɗin wilin. Ka sauya ET45 da ET25, tayar ta fito waje da milimita 20. Samari suna son wannan, motar takan yi kamar ta buɗe ƙafa. Sai dai riƙe bokitin ruwa a jikin cinya daban yake da riƙe shi da miƙaƙƙen hannu. Boris ne kafaɗar. Zai fara kuka kafin lokacinsa, sitiyari zai riƙa fizgar hannunka a rami, taya kuma ta matso kusa da bakin madigadi. Idan lambar ta yi yawa kuma, wilin ya shige ciki ya goga shokozoba ko gidan birki.

Ɗaurin ma yana da awo. Golf 3 niyutan-mita 110 take so, Corolla 103. Mutum mai kilo 70 da ya hau kan bututu mai rabin mita yana ba da kimanin 340, tun kafin ya fara tsalle. Ninki uku kenan. Kusa tana riƙe wili ne saboda ta ɗan miƙe kamar sifirin. Idan aka wuce iyakarta ta miƙe ba dawowa, ƙarfinta ya tafi. Kuma notin da aka hau da ƙafa a gareji, kai ne za ka kwance shi da ɗan wil-sifana a bakin daji. A ɗaure ɗaya, a tsallaka zuwa na gabansa, ba a bi su a jere ba. Kada a shafa giris. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 da sabon wili, a sake bin su.

Ita tayar, daga ina ta fito?

Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yin taya a Ikeja a 2008. Tun daga nan kasuwa ta dogara da na waje, ciki har da 'yan Beljiyam, duk da cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da kwastam ta hana shigowa da su. Na san dalilin sayensu, aljihu ne. To idan dole ce, aƙalla ka karanta su.

Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lamba huɗu. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, iska da zafi suna busar da ita, kuma zafinmu ba irin na Turai ba ne. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, shekara huɗu take cewa. Wasu kamfanonin mota suna cewa shida. Michelin tana cewa a riƙa duba ta duk shekara bayan ta biyar, kada ta wuce goma ko ya take. Sun saɓa a lamba, amma ba wanda ya ce zurfin zane kaɗai ya isa shaida. Zanen ma, idan ya sauko milimita 1.6 ya ƙare, kuma akwai 'yan tudu a cikin kwarin zanen da aka sa don su nuna maka hakan. Ka yi hattara da wadda aka sake sassaƙa wa zane da wuƙa mai zafi.

Abu biyu kuma da ba a cika faɗa ba. Da yawa cikin 'yan Beljiyam tayoyin hunturu ne; za ka gane su da hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki, da ƙananan tsage-tsage birjik a zanensu. An haɗa robarsu don ta yi laushi a sanyin da bai kai digiri 7 ba. A kwaltar watan Afrilu tana saurin cinyewa, birkinta kuma ya fi tsawo. Zanenta mai zurfi ne ke ruɗar mai saye. Na biyu, hukumar SON ta sha kama tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu don a rage kuɗin kwantena. Wayar ƙarfen da ke bakin taya, wadda ke kama wili, tana lanƙwasa a wannan cushen, ko da tayar sabuwa ce fil. Ka shafa bakin da hannu, idan ka ji ya karye ko ya yi gwiwa, ajiye ta.

Iska da zafi

Lambar da ke jikin taya, 44 ko 51, iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke so ba. Na motar yana kan wata takarda a bakin ƙofar direba, a Golf kuma a bayan murfin tankin mai, kuma za ka ga lamba biyu: ta mota babu kaya da ta cikakken lodi. Mai lodi, ta biyun ce taka.

A auna da safe kafin a hau hanya. Taya mai 32 a digiri 20, idan iskar cikinta ta kai digiri 50 a tafiya, geji zai nuna kusan 37. Wannan ba matsala ba ce, an yi lissafinsa. Direban da ya tsaya a hanya ya rage iska don “ta yi zafi” ya ƙara mata wuta ne. Taya mai ƙarancin iska tana lotsewa sosai a kowane juyi, lotsewar nan ce ke haifar da zafi, zafin kuma ke raba roba da wayoyin ƙarfen ciki. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, yawancinsu a kan Ford Explorer, bayan zanensu ya riƙa ɓarewa a guje. An danganta mutuwar mutum 271 da lamarin. Ford tana cewa a sa iska 26, Firestone ta ce 30 ya kamata, kuma matsalar ta fi tsanani a wurare masu zafi, har da Saudiyya da Benezuwela. Daga nan ne Amurka ta wajabta na'urar gargaɗin iska a sababbin motoci daga 2007. Idan motarka 'yar Amurka ce ta bayan wannan shekarar, a yawancinsu na'urar tana cikin wili a gindin bawul, kuma idan ka sayar da tsohon wili ka sayar da ita.

Idan kuɗinka na taya biyu ne kawai, sa sababbin a baya, ko da motar da gaba take ja. Gaba idan ya zame kana da sitiyari a hannu. Baya idan ya zame, motar juyawa take yi. Ranar 6 ga Maris 2016 ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Binciken FRSC ya ce tayar baya ta hagu ce ta fashe, motar tana gudu fiye da ƙima, direban kuma ya danna birki da ƙarfi. Idan taya ta fashe maka, ƙafa za ta so birki, hana ta. Riƙe sitiyari da hannu biyu, miƙe motar, saki totur a hankali, sai gudu ya ragu sannan ka taɓa birki.

Kada ka haɗa sayis biyu a ƙafafu biyu na layi ɗaya, kuma a Hilux da ake sa wa giyar ƙafa huɗu, duka huɗun su zama tsayi ɗaya. Wannan ya kawo mu kan safaya. Ka sauya ƙafa huɗu, ta biyar tana nan a but yadda take: tsohon tsayi, wilin ƙarfe. Sababbin notinka ƙila ba su dace da kujerarta ba, ko sun yi mata tsawo. Ramukan wasu wilin aloy kuma matsattsu ne, bakin wil-sifanan motar ba ya shiga. Ajiye tsofaffin notin ƙafa ɗaya a leda kusa da jak, sannan ka cire taya ɗaya a ƙofar gida da kayan da ke cikin motar kaɗai, ka ɗaura safayar, ka ga ko ta zauna.